Yadda Za Ka Kwatanta Tsofaffin Motocin Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Masu sha'awar tsofaffin motoci sukan fara da tambayar ƙarfin doki nawa inji yake da shi. Tambaya ce mai kyau, amma ita kaɗai tana iya ɓatar da kai.

Da farko, binciki ma'aunin da aka yi amfani da shi. Kafin 1972, kamfanonin Amurka suna auna inji ne tsirara, ba a ɗaura masa kayan da ke rage masa ƙarfi ba, su kuwa Jamusawa suna aunawa da komai a jikinsa. Shi ya sa Mercedes 300SL ta 1954 take da doki 215 a takardun Jamus, amma 240 a na Amurka, alhali inji ɗaya ne. Kada ka jera lambobin ƙasashe biyu sai ka tabbatar ma'auninsu ɗaya.

Na biyu, raba nauyin mota da ƙarfinta. Jaguar XK120 ta 1948 tana da doki 160 da nauyin kusan kilo 1,300, wato kowane doki na jan kilo takwas, kuma takan kai kilomita 190 a awa. Citroën 2CV ita ma ta fito a 1948 da doki 9 da nauyin kusan kilo 500, kowane doki na jan fiye da kilo hamsin, gudunta bai wuce kilomita 65 ba.

Sai dai haɗa waɗannan biyun rashin adalci ne, domin kowace da aikin da aka ƙera ta dominsa. An yi 2CV ne saboda manomin Faransa da hanyoyin ƙauye. Sa'o'inta su ne Morris Minor da Volkswagen Beetle mai doki 25, wadda iska ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle ya tafasa. Peugeot 404 ta 1960 kuwa, da dokinta 72, juriya ce abin alfaharinta: sau huɗu ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka.

Bayan inji, duba burki. Yawancin motocin lokacin burkin ganga ne da su, wanda kan yi rauni idan ya ɗauki zafi a gangare. Citroën DS ta 1955 na cikin na farko da suka zo da burkin faifai a gaba. Tambayi wutar motar ma, domin Beetle ta daɗe a kan batir mai bolt 6, wanda samunsa yanzu sai an sha wuya.

In saye za ka yi, ka sani lambobin takarda na motar ne tana sabuwa. Je da bakaniken da ka yarda da shi, ya auna matsin kowace silinda, ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa, ya gaya maka ko ana samun kayan gyaranta. Tsohuwar Fijo mai lafiya ta fi Jaguar da ke kwance tana jiran kaya daga Ingila.