Amsar Tambaya: Digiri a Kan Waƙoƙin Zamani

Malam, ka tambaya ko ya dace Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da digirin waƙoƙin zamani, tunda ɗanka shi yake so. A ganina ya dace. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, kuma fasahar da jami'a ta karrama ai ta isa a nazarce ta. Za ka ce Shata bai yi boko ba. Haka ne, amma a zamaninsa ba a cinikin waƙa ta intanet. Mawaƙin yau in bai san haƙƙin mallaka da kwangila da haɗa sauti ba, wasu ne za su ci guminsa. Sai dai kafin yaron ya cike fom, ku tabbatar hukumar ta tantance kwas ɗin.