Igiya da dutse: awon miƙewar rijiya

Ƴan'uwa manoma, da rani muke ginar rijiyoyi. Rijiyar da ta karkace haɗari ce. Guga yana gogar bango, ƙasa tana zuba cikin ruwan sha. Wata rana gefe ya rufta da mai gina.

Ido yana ruɗin mutum. To, yaya za mu gane miƙewa ta gaskiya?

Mu ɗaura dutse ga igiya, mu bar shi ya daina lilo. Duniya tana jan kowane abu zuwa tsakiyarta. Don haka igiyar take miƙewa daga sama zuwa ƙasa, ba ta karkata. Wannan shi ne "tsaye".

Ga yadda za mu yi:

1. Mu gitta sanda bisa bakin rijiya.
2. Mu rataya igiyar a tsakiya daidai.
3. Mu auna daga igiya zuwa bango, gabas da yamma, kudu da arewa. In faɗin rijiya mita 1 ne da santimita 80, kowane gefe ya zama santimita 90.
4. Mu sake awo bayan kowace mita.

Gefen da ya gaza, mu gyara shi kafin a zuba siminti.