Darasi Ga Manoma: Yadda A Ke Auna Ƙungiyar Taimako Ta Gari



Ko wane manomin auduga ya san ranar awo. Ba wanda ya ke yarda a ce masa, "Audugarka ta yi kyau," ya koma gida ke nan. Sai ya tsaya gaban sikeli da kansa, ya ga kantar nawa ta tashi, ya ga an rubuta. Ya san kantar guda na auduga mai gurya ratal 315 ne, watau wajen kilo 141, in an rage masa ratal biyu ma sai ya yi magana. To, ga abin mamaki. Wannan manomi shi ne zai ɗebi dawa daga rumbunsa ya ba ƙungiyar taimako ta garinsu, shekara ta zagayo bai tambayi inda dawar ta shiga ba. Darasinmu na yau shi ne yadda za a ɗora ƙungiya a kan sikeli kamar yadda a ke ɗora auduga.

TAIMAKON JUNA GADO NE

Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya taho gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin kogin Nil Azrak kusa da Sinnar, a garin da a ke kira Maiwurno. Waɗansu kuma alhazai ne da suka yada zango a kan hanyar Makka, zama ya kama su. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira, mutanenmu da yawa suka shiga aikin auduga. Baƙo ba shi da rumbu sai ɗan'uwansa, saboda haka suka riƙe gayya, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira nafir.

A 1950 Hukumar Jazira ta karɓi aikin gonakin daga hannun kamfanin Ingila. A lokacin aka keɓe kashi 2 cikin 100 na ribar auduga domin kyautata zaman ƙauyuka, aka yi rijiyoyi da ajin koya wa manya karatu da kuɗin. Abin lura a nan shi ne, rabon a rubuce ya ke cikin doka, kowa ya san nawa ne, kowa kuwa ya san na mene ne.

A shekarun nan nauyin ya komo kan jama'a. Rikicin jihar Nil Azrak na 2022 ya kori Hausawa masu yawa daga gidajensu. A watan Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Hartum, a Disamba ya iso Wad Madani, a tsakiyar 2024 ya iso Sinja da Dindir. Cikin wannan wahala samari da mata suka kafa takaya, watau wuraren dafa abinci na sadaka, aka ciyar da mutane da adas da balila. Allah ya saka musu. Amma a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da ta ke bayarwa a ƙasashen waje, takaya masu yawa a Sudan suka sauke tukunya, don a kan wannan kuɗi suka dogara. Tun da abin da ke hannun jama'a kaɗan ne, lalle ne ko wane mudu ya isa inda aka nufa da shi.

Awo uku za a yi wa ƙungiya. Ga su.

AWO NA FARKO: AIKINTA

A tambayi shugabanni su faɗi aikinsu cikin magana guda. In suka ce, "Muna ciyar da gidajen marayu da na gwauraye daga watan Yuli zuwa kaka," to, wannan aiki ne da za a iya dubawa. In kuwa suka ce, "Muna ciyar da gari gaba," ba su faɗi kome ba, domin ba sikelin da zai auna wannan.

Sa'an nan a duba ko aikin shi ne abin da ya fi damun mutane. Garin da ba shi da ruwan sha, yara na fama da zawo, bai kamata a fara saya masa kujerun taro ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. A tambayi mata musamman, don su ke ɗiban ruwa, su ke jinya, su ke dafa abin da aka raba.

A duba kuma yadda a ke zaɓen waɗanda za a taimaka. Wa ya rubuta sunayen? Da wace ƙa'ida? Gidajen 'yan kwamiti nawa ne a ciki? Kada a manta da mutanen kanabi, 'yan ƙwadago da ke zaune a gefen gonaki ba su da hawasha tasu. Su ke tsinkar audugarmu, amma sau da yawa in rabo ya zo ba a tunawa da su, don ba su da mai magana a wurin taro.

AWO NA BIYU: KUƊINTA

Ko wace ƙungiya, kome ƙanƙantarta, ta kasance da littafi guda mai shafi biyu, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, da kwanan wata, da sa hannu. Mai riƙe da kuɗi dabam, mai riƙe da littafi dabam. Kada ma'aji da magatakarda su zama 'yan gida ɗaya. Kada kuɗi su fita sai mutum biyu sun sa hannu.

Ga abubuwa huɗu da za a duba cikin littafin.

1. Daga ina kuɗin ke zuwa? In kusan dukansu daga hannu ɗaya ne, ko wani attajiri, ko 'yan'uwa da ke aiki a Saudiyya, ko wata ƙungiya ta waje, ran da hannun ya janye aiki ya tsaya. Mudu-mudu daga gida ɗari ya fi buhu goma daga gida ɗaya daɗewa.

2. Ta wace hanya su ke zuwa? Da yawa ta waya a ke aiko su, ta Bankak. In lambar ta mutum ɗaya ce, kuɗin jama'a sai su gauraya da na cefanensa, ko da shi mai gaskiya ne. A keɓe lamba guda domin ƙungiya kaɗai, ko wane saƙo ya shigo a nuna wa mutum biyu, a rubuta shi cikin littafi a ranar.

3. An raba zakka da gudummawa? Zakka tana da mutanenta iri takwas da shari'a ta ambata. Ba a sayen allon suna ko shayin taro da ita. A ba ta shafinta dabam.

4. Me kuɗin suka saya? Wannan shi ne ya fi muhimmanci. A watan Fabrairu 2021 gwamnati ta mai da canjin dala daga fam 55 zuwa fam 375, a wannan shekara kuwa tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin 100. Tun daga nan fam bai daina faɗuwa ba. Saboda haka ƙungiya tana iya cewa, "Bana mun tara ninki biyu na bara," alhali abin da ta tara bai sayi rabin dawar bara ba. Maganin wannan mai sauƙi ne. Duk ran da aka rubuta kuɗi, a rubuta kuɗin buhun dawa na wannan rana a gefe. In shekara ta ƙare, a yi lissafi da buhu.

Kada kuma a bar kuɗi su kwana cikin akwati. A mai da su hatsi tun da kaka, sa'ad da dawa ke da araha. Kun san ƙasarmu baƙar laka ce, in damina ta sauka kogin Dindir ya kawo, mota ba ta shiga ƙauyuka, a lokacin kuwa yunwa ta fi tsanani.

AWO NA UKU: AMFANIN DA AKA SAMU

Manomi ba ya ƙirga arzikinsa da irin da ya shuka, sai da abin da ya kai sikeli. Haka ƙungiya. "Mun yi taro goma" shuka ce. "Mun raba buhu arba'in" ita ma shuka ce. Girbin shi ne, gidajen nan sun kai kaka ba su sayar da akuyarsu ba, ba su ci bashin dawa a kan amfanin gonar da bai nuna ba?

In rijiyar inji aka gyara, wadda a ke kira donki, kada a auna ta ran buɗewa, ran da aka yi guɗa aka ɗauki hoto. A je a watan Afrilu, sa'ad da kogin Dindir ya ƙafe sai 'yan kududdufai, a ga ko tana ba da ruwa, a ga ko an ajiye kuɗin mai da na gyara. In gidan sauro aka raba, a shiga ɗaki a ga ko a ɗaure ya ke bisa gadon yara, ko kuwa an kewaye shukar tumatir da shi. In littattafai aka saya wa makaranta, a ƙirga yara a farkon shekara, a sake ƙirga su lokacin tsinkar auduga. Gani ya kori ji.

GA MISALI

A ce ƙungiyoyi biyu ne a gari ɗaya. Ta farko ta tara buhu 50. Ta sayar da 5 domin kuɗin mota da niƙa, 45 suka isa gida 90, ko wane gida rabin buhu. Ta biyu ta tara buhu 80, ta fi suna, ta fi yawan taro. An kashe 12 a walima da tafiye-tafiyen shugabanni, 8 sun ruɓe a ɗaki mai yoyo, 8 sun tafi a mota da niƙa, 12 kuwa ba takardar da ta nuna inda suka shiga. Saura 40. Ta farko, cikin ko wane buhu 10 da aka ba ta, 9 sun isa. Ta biyu, cikin 10 sai 5. Wace ce za ka ba mudunka baɗi?

Amma a yi hattara. Ba ko wane kashe kuɗi ne ɓarna ba. Ƙungiyar da ta ɗauki hayar tarakta da damina ta kai dawa wani kambo mai nisa, lalle za ta kashe fiye da wadda ta raba a ƙofar masallacin gari, ita ce kuwa ta kai ga waɗanda suka fi bukata. Abin tambaya kullum shi ne, an kashe a kan me, akwai kuma shaida?

YADDA ZA A YI BINCIKEN BA TARE DA HUSUMA BA

A sa rana guda ko wace shekara, bayan an karɓi kuɗin auduga. Jama'a su zaɓi mutum uku waɗanda ba 'yan kwamiti ba ne, ɗaya mai iya lissafi, ɗaya dattijo, ɗaya mace. Su duba littafi, su buɗe ɗakin ajiya su ƙirga buhuna da hannunsu, sa'an nan su zaɓi gida goma cikin jerin sunaye su je su tambaya, ba tare da rakiyar 'yan kwamiti ba.

Ran taro a karanta jimla da Hausa da Larabci, kowa ya ji. Amma kada a karanta sunayen waɗanda aka taimaka. Mutum uku ɗin nan kaɗai za su gan su. Wanda talauci ya kama, kada a haɗa masa da tonon asiri.

In an sami giɓi, a fara tambayar ma'aji a keɓe, domin sau da yawa mantuwa ce ko rashin iya rubutu. In ya tabbata ci ne, ya biya, a ba wani riƙon. Dokar Sudan ta 2006 ta ce ƙungiyoyin sa kai su yi rajista a Hukumar Taimakon Jin Ƙai. Yin rajista yana da kyau, amma takardar rajista ba ta ƙirga buhu. Wannan aikinku ne.

Ku 'yan kwamiti kuma, kada ku ɗauki tambaya a kan zargi. Mutanen da suka yi dahuwa cikin ƙarar bindiga sun cancanci a wanke sunansu, littafi mai tsabta kuwa shi ke wanke shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙungiyar da ta buɗe littafinta, ita jama'a za su ƙara ba hatsi.

TAMBAYOYI DON A TATTAUNA A WURIN TARO

1. Mene ne aikin ƙungiyar garinku, cikin magana guda?
2. Wa ke riƙe da kuɗi, wa ke riƙe da littafi?
3. Buhu nawa aka tara bara, nawa suka isa gidaje?
4. In mai ba da mafi yawa ya daina, wata nawa aikin zai ci gaba?
5. Su wa aka bari a baya?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.