Zomon Daji Ko Na Gida? Yadda Uwargida Za Ta Gane

Da yawanmu muna kiwon zomo a bayan ɗaki, kuma yakan faru yara su dawo daga gona riƙe da zomo su ce tsinto shi suka yi. To uwargida, kafin ki ce a yanka ko a jefa shi keji, ki duba wane iri ne. In na daji ne, naman farauta ne, halal. In kuwa na gida ne ya kuɓuce, to dukiyar wani ce, hukuncin tsintuwa ya hau kansa, sai an yi cigiya.

Ki fara da kunne. Na daji kunnuwansa dogaye ne ƙwarai, da baƙi a ƙarshensu, ƙafafun bayansa zara-zara, jikinsa ba kitse. Launinsa ruwan ƙasa ne mai sirkin toka, cikinsa fari. Na gida gajere ne, a dunƙule. In kin ga fari fat mai jan ido, ko baƙi, ko mai dabbare-dabbare, ba sai an tambaya ba, na gida ne. Sai dai kar launi kaɗai ya ruɗe ki, don akwai na gida masu ruwan ƙasa.

Hali ma yana tona asiri. Na daji ba ya haƙa rami, lafewa yake cikin ciyawa, in an matso ya zabura da gudu yana kwana-kwana. Na gida kuwa ko ya yi wata a waje, gindin katanga yake raɓewa yana tono, wani ma in kin miƙa ganye zai matso.

Inda aka fi kuskure shi ne jarirai. Zomanyar gida tana haihuwa bayan kwana 31 ko kusa da haka, 'ya'yan tsirara, ido a rufe har wajen kwana 10. Ta daji takan kai kwana 42, ɗanta kuma da gashinsa yake zuwa, ido a buɗe. Uwar barinsa take cikin ciyawa, sau ɗaya a rana take zuwa shayar da shi. Saboda haka ɗan mitsitsin da yara suka gani shi kaɗai ba maraya ba ne, a mayar da shi inda aka ɗauko. A keji da wuya ya rayu, kuma ko ya girma ba ya barbara da na gida, jinsinsu daban.

Wanda kika tabbatar na gida ne, ki ware shi nesa da naki yayin da ake cigiya, aƙalla mako biyu. Cutar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a jihohin Kwara da Oyo a 2020 tana iya share keji cikin 'yan kwanaki. Ki ba shi kwanon ruwansa daban, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa sauran.