Iskar Cikin Shago da Lafiyar Ɗan Kasuwa: Nazari a Kan Kara da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar tsarin ginin shaguna da lafiyar masu yini a cikinsu, a Kara ta Ƙaramar Hukumar Gwarzo da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Kabo. Ta nuna cewa rashin mafitar iska shi ne ke mayar da hayaƙi da ƙura su zama cuta.

1.0 Gabatarwa

Idan ana batun gurɓatar iska, hankali kan koma ga masana'antun Sharaɗa da Bompai ko cunkoson motoci a birnin Kano. Ba kasafai ake tuna tela da mai injin niƙa da mai cajin waya a karkara ba, alhali sukan yini cur a ɗaki guda suna shaƙar iskar da ba ta sabuntuwa.

2.0 Tsarin Ginin Shago

Galibin shagunan wannan yanki ginin bulo ne da rufin kwano, jere bango da bango, da ƙofar ƙarfe ɗaya tak. Ana guje wa taga saboda tsoron ɓarayi. Iska kuwa ba ta ratsa ɗaki sai ta sami mashiga da mafita. Saboda haka duk abin da ya tashi a ciki, a ciki yake zama.

3.0 Abubuwan da ke Gurɓata Iskar

3.1 Hayaƙin Janareta

Ƙarancin wutar lantarki ya sa janareta ya zama abokin sana'a, kuma sau da yawa a bakin ƙofa ake ajiye shi. Yana fitar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Tana kama sinadarin himogulobin na jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa iskar da suke bukata. Alamominta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukar su a matsayin zazzaɓin cizon sauro. Abin lura shi ne jiki ba ya zafi, ciwon kan lafa idan an fita waje, kuma yakan kama mutane da dama lokaci guda. Idan ta yi yawa tana sumar da mutum, har ta kai ga kisa.

3.2 Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ɗakin niƙa kuma akwai garin masara da dawa da ke tashi. Ƙananan ƙwayoyin ƙura na kutsawa har cikin huhu, suna tayar da asma da tari mai daɗewa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata irin waɗannan ƙwayoyi su wuce maikirogiram 15 a kowace mita-kubik ta iska ba a matsakaicin awa 24. A nan ne mai shago ke shiga tsaka mai wuya: ya buɗe ƙofa ƙura ta shigo, ya rufe hayaƙi ya taru.

4.0 Kammalawa

Maganin bai fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba. A huda bangon baya ta sama, a sa sandunan ƙarfe da raga, domin iska mai zafi ta fita ba tare da ɓarawo ya sami hanya ba. A ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa, bututun hayaƙinsa na kallon nesa. Mai niƙa ya sa takunkumi, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Ya kamata duba-gari na Gwarzo da Kabo su sanya mafitar iska cikin abubuwan da suke dubawa, ma'aikatan asibiti kuma su riƙa tambayar mai ciwon kai irin wurin da yake sana'a kafin a ba shi maganin zazzaɓi.