Matakai Shida na Tsabtace Rikodin Lantarkin Ƙwaƙwalwa Mai Layi Ɗaya

Tun 1924, lokacin da likitan Jamus Hans Berger ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a birnin Jena, matsalar ba ta sauya ba: muryar ƙwaƙwalwa ƙasa-ƙasa take fita. Siginar wannan lantarki, wato EEG, a fatar kai ba ta cika wuce maikrobolt 100 ba, ƙiftawar ido guda kuwa takan danne ta. Mai layuka da yawa, wato ilaktirod da dama a kai, yana da ICA, dabarar da ke gwama layi da layi har datti ya ware. Mai layi ɗaya, kamar MindWave ta NeuroSky da ake ɗorawa a goshi, ba shi da maƙwabcin da zai ba shi shaida. Dole ya bi a sannu.

1. Fara da rigakafi. Goge maiƙo da zufa daga fata, ka tabbata ilaktirod ya manne sosai. Mutum ya zauna a natse, ya saki muƙamuƙi. Nisanta waya da caja.

2. Adana asalin rikodin, ka dube shi da idonka. Kowane datti da kamanninsa. Ƙiftawa tudu ce babba mai tafiyar hawainiya, galibi ƙasa da haz 4. Motsin tsoka yamutsi ne mai sauri, ya fi yawa sama da haz 20. Zufa takan karkatar da layin gaba ɗaya. Bugun zuciya yakan dawo a kai a kai.

3. Tace. Bar abin da ke tsakanin haz 0.5 da 40 ya wuce. In kana buƙatar abin da ke sama da haka, toshe gunjin wutar lantarki: haz 50 a Najeriya da Nijar da Turai, 60 a Amurka. In da janareto kake aiki, auna tukuna, don ba kullum yake tsayawa daidai kan 50 ba.

4. Rarraba siginar. Nan aikin yake. Tacewa ba ta isa ta cire ƙiftawa ba, domin a muhalli ɗaya take da igiyar delta, mai haz 0.5 zuwa 4. Sai a warware layin ɗaya zuwa sassa, kamar mai warware igiya sili-sili. Ana yin haka da dabarar weblet, ko ta EMD wadda Norden Huang da abokan aikinsa suka fitar a 1998. Sassan nan su ne za su tsaya maka a madadin layukan da ka rasa, har kana iya bi da su ta ICA.

5. Cire datti inda yake kawai. Kada ka jefar da sashe dungurungum. Gano daƙiƙun da ƙiftawa ta faɗo, ka rage ta a nan, sannan ka sake haɗa siginar. Gaɓar da ta lalace ƙwarai, yanke ta, ka rubuta nawa ka yanke.

6. Gwada aikinka. Tun wajen ɗauka, sa mutum ya rufe ido na minti ɗaya. Igiyar alfa, haz 8 zuwa 13, takan ƙaru, musamman a ƙeya. In ta dushe bayan tsabtacewa, hannunka ya yi nauyi, sai ka koma mataki na 5.

Tsinin da farfaɗiya ke bari a rikodi yana iya kama da datti, kuma manhaja na iya share shi ba tare da ka sani ba. Shi ya sa rikodin mara lafiya ba ya zuwa gaban likita sai tare da asalinsa, kada garin neman gira a rasa ido.