DARASIN WANNAN WATA: MASU SHAKKAR CANJIN YANAYI, INA SUKA YI DAIDAI, INA SUKA KUSKURE?

Darasinmu na wannan wata a kan wata gardama ne da ake yi a gindin bishiya, a bakin kasuwa, har da manyan biranen duniya. Rediyo yana cewa duniya tana ɗumama, kuma hayaƙin da mutane ke fitarwa ne ya jawo. Wasu sun yarda. Wasu sun ce atafau ba haka ba ne. Wasu kuma sun ce abin yana nan, amma ana zuzuta shi.

Shakka ba laifi ba ce. Mai sayen buhun gero yakan soka hannu ya ji ko da tsakuwa a ciki. Laifin shi ne a auna a gaban mutum, ya ce bai gani ba. Saboda haka bari mu ɗauki maganganun masu shakka ɗaya bayan ɗaya mu auna su.

Abin da masana suke faɗi

Rana takan aiko da zafi ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da wani sashe sama. A cikin iskar da ta kewaye duniya akwai wata da ake kira kabon dayokisaid, mu kira ta iskar kabon. Ita ce take tare wani sashe na zafin nan, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jikin mai barci. Idan aka ƙona man fetur, ko gas, ko kwal, ko aka sare daji aka ƙona, sai iskar ta ƙaru, bargon ya ƙara kauri.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafi ya ce ƙaruwar iskar kabon za ta ɗumama duniya. A 1958 aka fara auna ta a kan wani dutse a tsibirin Hawai. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan. A 1958 ta kai 315. A 2024 ta wuce 420. Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. To, kanwa ma kaɗan ake sawa a tukunya, amma kowa yana jin ta.

Magana ta farko: "Ai bana ma an sha sanyi"

Gaskiya ne, hunturu yana nan zuwa. Amma sanyin mako guda a garinku ba shi ne yanayin duniya ba. Masana ba sa yanke hukunci da shekara ɗaya. Sukan haɗa awon shekara talatin daga dubban wurare, a tudu da teku. Da aka yi haka sai aka ga daga 2011 zuwa 2020 zafin duniya ya ɗara na ƙarshen ƙarni na 19 da wajen digiri 1.1. Shekarar 2024 kuwa ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Kada a raina digiri ɗaya. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, idan ya haura 38 an shiga zazzaɓi.

Magana ta biyu: "Ai yanayi ya saba canzawa tun kaka da kakanni"

Wannan ma gaskiya ne, kuma shaidarsa tana kusa da mu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a binne. Da aka auna sai aka ga ya kai wajen shekara 8,000. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau ba komai sai hamada. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ma ta zo ne tun motoci ba su yawaita ba.

To amma kowane canji yana da sanadinsa. Abin da ya mayar da Sahara kore a wancan zamani shi ne sauyin da ake samu a yadda duniya take kewaya rana, kuma wannan yakan ɗauki dubban shekaru. Na yanzu kuwa cikin shekara ɗari da 'yan kai ya faru. Masana sun bincika sauran waɗanda ake zargi. Tun 1978 taurarin ɗan adam suke auna ƙarfin rana, ba a ga ya ƙaru ba. Duwatsu masu aman wuta kuma, iskar kabon da suke fitarwa wajen kashi ɗaya ce cikin ɗari na wadda mutane suke fitarwa. Ga wata shaidar: da rana ce ta ƙara zafi, da sama da ƙasa duk sun ɗumama. Amma iskar can sama ƙwarai sanyi take ƙarawa, ta kusa da ƙasa ce take ɗumama. Haka bargo yake yi.

Don tsawa ta taɓa kunna wa daji wuta, ba za a ce gobarar yau ba masu farautar gafiya ne suka sa ta ba.

Magana ta uku: "Ana zuzuta abin"

A nan masu shakka suna da ɗan abin kamawa. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wasu masana sun ɗora laifin a kan manomi da makiyayi, wai sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kori ruwan sama. A 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa babban sanadin shi ne sauyin zafin ruwan tekuna. Masana da yawa suna ganin har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka a ciki.

An kuma sha cewa hamada za ta haɗiye mu, ba makawa. Sai ga shi manoman Maraɗi da Damagaram, daga wajen 1984, sun riƙa barin tohon kututtura a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ta haka suka raya wajen hekta miliyan 5. Tafkin Chadi ya faɗo daga murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, amma daga baya ya ɗan farfaɗo, bai ƙafe ba. Kuma har yanzu masana suna gardama a kan ko ruwan damina zai ƙaru ko zai ragu a sassa dabam-dabam na yankin Sahel.

Amma don an yi kuskure a wuri ɗaya ba a ce duka ƙarya ne ba. Ruwa ya ɗan dawo, sai dai ya dawo da fushi. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel daga 1982. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Mai shakkar da ya je ya auna

A Amurka akwai wani malamin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya, Richard Muller. Shi ma bai yarda da lissafin zafin duniya ba. Maimakon ya tsaya ga musu, sai ya tara ma'aikata suka sake lissafin daga tushe. Wani sashe na kuɗin aikin ma ya fito ne daga gidauniyar wani attajiri mai harkar mai. A 2011 suka sami sakamako daidai da na waɗanda yake zargi. A 2012 ya fito fili ya ce ya sauya ra'ayi: duniya tana ɗumama, kuma kusan duka aikin mutane ne. Irin wannan shakka ake so. Gani ya kori ji.

Abin da za mu riƙe

1. Ɗumamar duniya tabbas ce, an auna ta, kuma ƙona mai da gas da kwal ne babban sanadinta.
2. Afirka duka ba ta fitar da fiye da wajen kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, amma tana cikin masu shan wahalarsa.
3. Ba kowace ɓarna ce ta canjin yanayi ba. Gini a kan hanyar ruwa da toshe kwalbati da shara aikinmu ne, gyaransu ma namu ne.
4. Idan ka ji magana, ko ta mai tsoratarwa ko ta mai musu, tambaye shi: wa ya auna, a ina, shekara nawa?

Manomin da ya ce ba abin da ya canza, ya ƙi iri mai saurin nuna, ya tumɓuke gawo da kalgo daga gonarsa, shi zai ji a rumbunsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta iskar kabon da bargo?
2. Mene ne kwalekwalen Dufuna ya nuna mana?
3. Kawo wuri ɗaya da masu shakka suka yi daidai, da wuri ɗaya da suka kuskure.

Aikin gida

Nemi littafi ka riƙa rubuta ranar ruwan shuka, da kowace ranar da aka yi ruwa, da ranar da ya ɗauke. Ka tambayi dattawan garinku yadda damina take a lokacin ƙuruciyarsu, ka rubuta. Bayan 'yan shekaru kai ma kana da abin aunawa a hannunka.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.